Yaya zai sayar da lambun Baba, ni kuma na fara mance muryarsa

Assalamu alaikum Mama. Don Allah a sakaya sunana.

Wata takwas ke nan da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a nan Kaduna. Injiniyan ruwa ne, shekara 35 ya yi yana aikin gwamnati, tun daga shimfiɗa bututu har kula da injinan matatar ruwa. Iyayensa sun daɗe da rasuwa. Ya bar mata biyu, Hajiyarmu da Anti, da mu 'ya'ya tara, maza biyar mata huɗu. Ƙananan uku na ɗakin Anti ne, ko sakandare ba su gama ba.

Baba bai san zaman majalisa ba. In ba ya wurin aiki, to yana gida cikinmu, ko yana lambunsa na bakin kogi wajen Rafin Guza. Da hannunsa ya dasa mangwaro da gwaiba da yazawa, shi ya haɗa injin ban ruwan wurin. Duk Asabar sai ya kwashe mu a mota, ya koya mana ɗana fatsa, mu dawo da tarwaɗa a bokiti. Da kaka kuma sukan fita farautar zabin daji da abokansa, kafin daji ya lalace. Akwai turken ƙarfe da ya kafa a gaɓar kogin ya yi masa zane da fenti, kowace damina yana rubuta inda ruwa ya kai. Littattafan suna ɗakinsa, sun fi ashirin. Cikin 'ya'yansa ni na fi binsa lambun, har bayan na yi aure.

Yanzu babban Yayanmu ya ce za a sayar da lambun a raba gado, wai masu yanka fuloti sun taya da tsada, ga kuɗin makarantar yara, ga Anti tana son nata matsugunin. Ni na ce a bar shi, kuma in Baba ya cika shekara mu yi taron tunawa da shi, a buga littafin tarihinsa. Yaya ya ce bidi'a ce da almubazzaranci, mamaci addu'a yake buƙata. Raina ya ɓaci, na rubuta a zauren WhatsApp na gidanmu cewa kuɗi kawai ya sani, ko ƙasar kabarin Baba ba ta bushe ba. Tun ranar bai ƙara ɗaga wayata ba. Anti ma ta ja jiki. Hajiya ba ta ce komai ba, ta dai kulle ɗakin Baba ta riƙe mabuɗin. Da bazarar nan mai gadin lambun ya kawo kwandon mangwaro gida kamar yadda ya saba, ta kalli kwandon ta shige ɗaki, ranar ba ta ci abinci ba.

Mama, abin da ke hana ni barci shi ne na fara mance muryarsa, kuma 'ya'yana ƙanana ne, ba za su san wane ne kakansu ba. In aka sayar da lambun, ji nake kamar an sake binne shi. Laifi na yi? Ya zan yi?

Daga wata 'yarki a Kaduna.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda na fi daɗewa shi ne wurin turken ƙarfen nan. Mutumin da zai yi shekara ashirin da ɗoriya yana gangarawa gaɓar kogi cikin marka, taɓo har ƙauri, don kawai ya ga inda ruwa ya tsaya ya rubuta, ba wanda ya sa shi, ba wanda zai biya shi, ba sai an gaya mini yadda ya riƙe iyalinsa ba. Kin yi rashin da ya isa a yi kuka. Son da kike yi kada sunansa ya ɓace kuma ba laifi ba ne ko kaɗan. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai daina ambaton Nana Khadija ba shekaru bayan rasuwarta, har yakan yi yanka ya aika wa ƙawayenta da nama.

Amma kin tambaye ni ko kin yi laifi, kuma ba zan ɓoye miki ba, a wuri ɗaya kin yi. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta, kowa ya karanta ya sake karantawa, har ƙannenki da suke kallon Yaya a matsayin uba yanzu. Kuma ba shi kaɗai ta soka ba. Ki duba Anti: mace da marayu uku, tana zaune a gidan da ya zama na magada goma sha ɗaya, ba ta san inda za ta wayi gari ba in an raba, sai ga 'yar mijinta tana cewa mai son a sayar kuɗi kawai ya sani. Ba ki kama sunanta ba, amma ta ji a jikinta.

Ga kuma abin da na san ba ki son ji. Tun daga lokacin da Baba ya cika, lambun nan ya tashi daga nasa ya koma na magada. Tsarin a bayyane yake: a fitar da hidimar jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya in akwai, muddin ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Tunda akwai 'ya'ya, Hajiya da Anti tumuni za su raba tsakaninsu, wato kashi ɗaya cikin takwas. Sauran naku ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Da maza biyar da mata huɗu, in dai babu wani abin da ba ki ambata ba, lissafin yana fita sarai: a kasa dukiyar kashi 16, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya, Hajiya ɗaya, Anti ɗaya. Ke nan a lambun da kike cewa a bari, naki ɗaya ne cikin 16. Kin fi kowa son wurin, na yarda, amma wannan ba ya ƙara miki ko taku ɗaya. Rabon ƙananan kuwa ya fi na kowa tsauri, domin dukiyar maraya ce. Yaron da bai kai munzalin riƙe dukiyarsa ba, ba mai ikon bayar da rabonsa kyauta ko wakafi, ko da da sunan sadaka ga ubansa ne. Gadon da aka ƙi rabawa don kunya ko don ƙauna, shi ne nan da shekara goma yake kai 'yan'uwa gaban alƙali, na ga irinsa a garin nan ba ɗaya ba ba biyu ba. Lissafin nan don ki ga girman abin na yi miki. Rabon kansa ku kai shi gaban malamin da ya ƙware a gado ko kotun shari'a, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Yayanki ina so ki sake dubansa. Babban wa uba ne, kuma kujerar nan ba daɗi gare ta ba. Mai yiwuwa shi ya shiga kabari ya karɓi Baba ya kwantar da shi. Tun ranar shi ake kira in kuɗin makaranta ya taso, shi ke zirga-zirgar takardun fansho, shi masu bin bashi suke nema. Mazanmu an hore su da haɗiye kuka, sai baƙin cikin ya fito ta hanyar hidima da lissafi, na gefe ya ɗauka taurin zuciya ne. Ke kina kukan Baba da lambu, shi watakila yana kukansa da tsoron kada ƙannensa su bar makaranta a hannunsa. Ban ce ba shi da nasa kuskuren ba. Bai kamata ya yanke magana shi kaɗai ya kawo muku ita a dafe ba, kuma wajibi ne ya buɗe komai a fili, wa ya taya, nawa ya taya, wa ya kimanta. Kina da haƙƙin tambayar wannan, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai dai ba za ki samu bakin tambaya ba sai kin gyara abin da kika ɓata.

Saboda haka tun kafin Juma'a mai zuwa ki taka ki je gidansa. Kada ki tura saƙo, zumunta a ƙafa take. In kina jin nauyi, ki roƙi Baffanku ko Gwaggo su raka ki, maigidanki kuma ya san inda kika dosa. Ki gaishe shi yadda ƙanwa ke gaida wa, ki ce, "Yaya, na yi kuskure, zafin rashin Baba ne ya ɗebe ni, ka yafe mini." Ki tsaya a nan. Kada ki liƙa masa "amma", kada ki yarda a taɓa zancen lambu a wannan zaman ko da shi ya taso da shi. Tunda a gaban kowa kika faɗa, a gaban kowa za ki janye, layi biyu a zauren nan sun isa. Daga nan ki shiga ɗakin Anti da 'yar tsarabar yara, ki zauna ki ci abincinta.

In zukata sun sauka, ki nemi a yi zaman magada duka, Baffa ya zauna a matsayin dattijo, ke kuma ki shiga da shawara a hannu, ba da hawaye kaɗai ba. Kafin zaman a nemo takardun wurin, a duba matsayinsu a KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar Kaduna, a sa mai kimanta filaye wanda ba ruwansa da masu tayawa ya faɗi kuɗinsa. Sannan ki lura da abin da littattafan Baba za su nuna muku fiye da kowa. Lambun bakin kogi ba ƙasa iri ɗaya ba ce, akwai tudu, akwai fadamar da ruwa ke hawa. Mutanen Kaduna ba su manta ambaliyar 2003 da ta 2012 ba, yadda kogin ya shiga gidajen da ke gaɓarsa. Mai yanka fuloti tudu yake so, kuma bai halatta ku san inda ruwa ke ci ku ɓoye wa wanda zai gina gida ya zuba iyalinsa ba. To ashe ana iya sayar da tudun a biya buƙatar Anti da yara, gefen kogin kuma, inda turken yake da itatuwan da ke kusa da shi, ya faɗo cikin rabon masu son riƙewa. Naki da na Hajiya da na namiji ɗaya cikin 'yan ɗakinku, in sun yarda, huɗu ke nan cikin 16, rubu'i guda. Kuma da ƙima ake lissafi ba da faɗin ƙasa ba, fadama kuwa ba ta kai tudu kuɗi a wurin masu gini. Kina iya barin rabonki na gida ko na kuɗin ajiya a cike miki a lambu da yardar kowa. In kina da hali kina iya sayen rabon wani. A fiƙihun Malikiyya ma akwai babin shuf'a, wanda ke ba abokin tarayya a ƙasar da ba a raba ba damar karɓar rabon da aka sayar wa bare a kan kuɗin da aka sayar, ki tambayi malamin yadda ya shafe ku.

Sai dai kafin ki dage, ki tambayi kanki tsakaninki da Allah, wa zai kula da wurin? Lambu yana cin mai, yana cin kuɗin gadi, injin da Baba ya haɗa shi kaɗai ya san lagonsa. Kina da aure da yara ƙanana. In kika riƙe ya shekara uku ba ban ruwa, awaki suka shiga, gwaibar ta bushe, ganin haka zai fi miki ciwo a kan ganinsa a hannun wani. Mai gadin nan ma da ya ɗauko kwandon mangwaro ya kawo gidan da maigidan ba ya nan, kada a manta da shi. A tambaye shi ko yana bin albashi ko wani alkawari, domin in akwai bashi ne, kuma bashi yana gaba da gado.

Zancen taro kada ki bari ya zama fagen da za ku kara. Kaduna gari ne da aka saurari tafsirin Sheikh Abubakar Gumi a masallacin Sultan Bello, aka kuma saurari na Sheikh Ɗahiru Bauchi a Tudun Wada, kuma gidaje da yawa wani na yin sadakar uku da bakwai da arba'in, wani ba ya yi, amma tukunya ɗaya suke ci. Ba ke za ki warware saɓanin malamai a tsakar gidanku ba. Abin da zan ce shi ne kuɗin magada ba a taɓa shi don taro sai kowa ya yarda, na marayu kuwa ba a taɓa shi sam. Kuma a ganina rumfa da kujeru da jawabai ba su yi kama da mutumin da kika siffanta mini ba, wanda ko zaman majalisa bai yi ba. Ki tsaya inda ke da Yaya ba ku da saɓani. Hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito ya ce in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Yaya ya riƙe na ukun, kuma yana da gaskiya. Ke kuma, ko ba ki lura ba, na farko da na biyu kike nema. In kika kawo masa su da wannan sunan, da wuya ya ce a'a.

Sadakar da ta dace da Baba ai ba sai an yi dogon tunani ba. Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu ya tambayi Annabi sadakar da ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Amma ni da za ku ji shawarata, kafin ku haƙa sabuwa ku zagaya unguwarku. Za ku samu rijiyar burtsatse a masallaci ko makarantar firamare da ta mutu tun tuni, tankin yana tsaye, famfon ya yi tsatsa, don kawai injin ya ƙone ba mai gyarawa. Injiniyan ruwa irin Baba abin da zai fi ɓata masa rai ke nan. Ku nemi ɗaya daga abokan aikinsa ya duba muku, ku gyara da abin da kowa ya bayar daga aljihunsa bayan rabo, ku ware kuɗin gyaran gaba, ku ɗora wa mutum ɗaya alhakin lura da ita.

Yanzu ga abin da ya fi lambun gaggawa, kuma ba ya buƙatar izinin kowa ko sisin magada. Ƙasa tana jira, tsofaffi ba sa jira. Ni kaina na yi wannan sakacin. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi aiki a tashar Kaduna zamanin da jirgin Legas da na Fatakwal suke haɗuwa a nan. Da ya rasu muka rufe adakarsa ta katako, kowa na jin nauyin buɗewa. Shekara huɗu muka buɗe, gara ta gama da takardun, sai bangon littafi da jar ƙasa. Amininsa na ƙarshe da ya san ƙuruciyarsa kuma ya rasu ina ta cewa sai bayan Sallah zan je. Har yau abin yana ci na, shi ya sa nake roƙonki kada ki jira Baba ya cika shekara.

Ki ɗauki wayarki ki fara da wanda ya fi tsufa cikin abokan farautarsa. Ziyarar kanta lada ce, domin a hadisin Ibn Umar an sanya sada zumunci da abokan uba bayan rasuwarsa cikin mafi girman biyayya. Ki je da goro ko turare, ki nemi izini kafin ki ɗauki murya. Kada ki ce "wane irin mutum ne Baba?", domin amsa ɗaya za ki samu daga kowa, mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, sai a shafa. Ki ce, "A ina kuka fara haɗuwa da Baba? Wane daji kuka fi shiga? Akwai ranar da kuka ɓace ko mota ta mutu muku? Me ke sa shi fushi?" Ki nemi leburorin da suka yi haƙan bututu a ƙarƙashinsa da direban da ya ja shi, sun san shi ta fuskar da manyan ofis ba su sani ba. Ki tambayi Gwaggo yarintarsa, wa ya kai shi makaranta, da me aka biya. In wani ya faɗi zafin ransa ko taurin kansa, kada ki goge, jikoki sun fi riƙe kakan da ya yi fushi ya huce a kan wanda aka wanke tas har ba ya kama da mutum. Anti ma ki zauna da ita, tana da shekarun Baba da ba ki sani ba, kuma yaran nan uku sun fi 'ya'yanki buƙatar wannan tarihin, su da ba su samu Asabar ɗin lambu yadda kika samu ba. In aka ce musu littafin nasu ne su ma, rabin rigimar gidan ya mutu. Ba sai an kai maɗaba'a an buga ɗaruruwa ba, kwafi goma sha ɗaya, kowane magaji ɗaya, sun isa a fara.

Muryarsa kuwa, yau ɗin nan ki nemi kowa ya duba wayarsa. Da wuya a rasa saƙon muryar da ya taɓa turawa, ko bidiyon ɗaurin aure ko suna da ya yi magana a ciki. A tattara, a ajiye a wuri fiye da ɗaya, domin waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. In rashin barcin ya zarce har kin kasa ci ko hidimar gida, ki ga likita, ba raunin tawakkali ba ne.

Hajiya sai da lallami. Ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma sun wuce, amma zuciya ba ta bin lissafin kwana. Matan zamaninsu ko sunan miji ba sa faɗa, balle su zauna su ba da labarinsa don an kunna waya. Kada ki ce ta ba ki mabuɗi. Ki ce, "Hajiya, damina ta sauka, ina tsoron gara da ɗanshi, ko za mu shiga mu share tare?" In ta ƙi ki bari, ki sake bayan mako biyu. Labari kuma ta gefe za ki bi. Ki sayo tarwaɗa ki kawo mata, ki ce ta nuna miki yadda take wanke ta da toka ta yi farfesun da Baba ke so. Tana yanka tana magana, za ki ji abin da ba za ta taɓa faɗa ba in tambayarta aka yi kai tsaye. Kuma ki tuna ita ma magajiya ce mai bakin magana a kan lambun. Shirunta ba yarda da ke ba ne, ba yarda da Yaya ba ne, a tambaye ta ita kaɗai.

Ranar da aka buɗe ɗakin, in bindigar farautarsa tana nan, kada kowa ya ɗauke ta don tunawa. Lasisin da sunansa yake, ba a gadonsa, Yaya ya je wurin 'yan sanda da takardun ya ji yadda za a yi da ita. Littattafan kuma na magada ne duka, ki nemi izininsu ki ɗauki hoton kowane shafi. Awon kogi na shekara ashirin da ɗoriya a wuri guda ba ƙaramin abu ba ne ga masu nazarin ambaliya. Ga cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa a Mando, ga Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna da Jami'ar Ahmadu Bello ke adana tarihi a ciki tun 1970. Ku kai kwafi ku nuna, ku riƙe na asali a gida.

In kuma bayan duk wannan magada suka ce a sayar gaba ɗaya, ki sa hannu da zuciya ɗaya, 'yata, ba a sake binne kowa ba. Ki roƙi alfarma guda, a bar ku ku ɗebi rassan mangwaron kafin a sare, mai renon itatuwa ya yi musu aure da sababbin dashe, kowane gida cikinku ya samu, saura a kai masallaci da makaranta. Duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da Musulmi ya dasa sadaka ce gare shi, haka ya tabbata a hadisi.

Marka tana tafe. Kafin a yanke komai, ki roƙi Yaya da kansa ya kai ku lambun wata Asabar da rana tsaka, ku dawo kafin la'asar sakaliya, da 'ya'yanki da ƙananan nan uku na ɗakin Anti. Ki riƙe hannun yaran sosai a gaɓa, kogin Kaduna ba ya wasa in ya kawo. Ki nuna musu turken, ki bar autan Baba ya karanta inda ruwa ya kai, ki ba Yaya biro ya rubuta a shafin da ke bin na ƙarshen da Baba ya cike. Ki rubuto mini yadda kuka yi.